Ni da Murhu

Ni da murhu ba ma ga maciji,
Tun ina ƙarama a Kumo.
Goggo Dija ta yi faɗa har ta gaji,
Ta ce, "Hannun nan na allura ne,
Muciya ba ta san shi ba."

Yau ga ni a Jekadafari,
Keken ɗinki a bakin taga,
Atamfa goma na jiran almakashi.
Ƙarfe biyu ciki ya hau kiran sunana,
Shi bai san uzurin tela ba.

Baba Tasalla kan wuce bayan azahar
Da zogale dafaffe a roba.
In daka ƙuli, kai, in faɗi gaskiya,
Dakakke nake sayowa.
Albasa rabi, tumatir ɗaya,
Gishiri, yaji, ɗigon man gyaɗa,
In cuɗa da hannu, in ci a tsaye,
Na gama, dutsen guga bai ko yi zafi ba.

Ran da aljihu ya yi shiru,
Garin kwaki ba ya gori.
Ruwan randa, sukari, gyaɗa soyayyiya,
Ya kumbura kamar alkawarin ɗan takara,
Sai dai shi bai taɓa yaudarata ba.

Taliya 'yar murji ƙawata ce.
Ruwa ya tafasa in zuba,
In je in kafa maɓalli huɗu,
In dawo in tace, in sa manja da yaji,
Da ƙwai guda in Allah ya hore.
Rannan na kafa goma sha biyu,
Na dawo na tarar da kunu.
Na sha abina, ban kai ƙarar kowa ba.

Dankali, in jefa shi tukunya da ɓawonsa,
Ya san hanyar nuna, ba ya son rakiya.
Daren da aka ɗauke wuta kuwa
Fura da nono, in rufe ƙofa.
Wata ta kirɓa, ni na ɗaga ludayi,
Ban ga laifin rabon aiki ba.

Ran Laraba sai ga Goggo Dija,
Ta zo asibiti a duba mata ido.
Ta ajiye jaka, ta wuce madafa:
"Ke Hansatu, iska kike ci?"
Tukunya ɗaya ce, tana ta sheƙi
Kamar ba ta taɓa ganin wuta ba.

Na ce ta zauna ta huta.
Akwai busasshen kifin Dadin Kowa a leda,
Na ɓare shi, na zare ƙaya,
Na yayyafa wa gari ruwa ya yi laushi,
Ƙuli, albasa, attaruhu,
Na matse lemun tsami a kai.
Minti goma ba su cika ba.

Loma ta farko, shiru.
Ta biyu, tana kallon bango.
A ta biyar ta ce gishiri ya yi kaɗan,
Ta kuma jawo kwanon gabanta.
Sai da ta suɗe shi tas ta ce,
"Wannan dai ba girki ba ne."
Na ce, "Goggo, ai ban ce girki ne ba."

Da daddare take gaya mini
Abin da likita ya ce da ita:
Hayaƙin itace na shekara arba'in
Shi ya sha mata ruwan ido.
Tuwon mutum ashirin, safe da dare,
Ta ƙirga mini su da yatsu,
Rabinsu yanzu suna birni,
Ko waya ba su cika yi ba.

Da asuba tana ɗaura gyale,
Ta matso kamar mai neman bashi:
"Ƙulin nan, cokali nawa ake sawa?"
Na ce uku. Ta ce, "Huɗu zai fi."
Ta ƙulle ragowar a bakin zane,
Ta ɗauki kifin ma, duka ledar,
Ba ta ko tambaye ni ba.

Na raka ta tasha, na dawo kan keke.
Tukunya na nan inda ta bar ta,
Murhu ya kalle ni, na kalle shi,
Har yau ba mu gaisa ba.